Tsakanin Fada Da Kasuwa: Yadda Bukukuwan Sarakunan Turai Suka Haifi Ofera

A ranar 5 ga Oktoba, 1600, an ɗaura wani aure a babban cocin birnin Florence da ke Italiya wanda ango bai halarta ba. Angon shi ne Sarkin Faransa, Henri na Huɗu, yana can ya duƙufa kan yaƙi da ƙasar Savoy. Amaryar kuma Maria de' Medici ce, 'yar gidan attajiran nan da suka fara da harkar banki suka ƙare da sarauta. Baffanta Ferdinando, wanda ke mulkin Florence, shi ya tsaya a madadin ango. A wurinmu wakilin ango ba labari ba ne. Abin da zai ɗaure wa mai karatu kai shi ne kuɗin auren, domin kamar yadda muke gani a finafinan Indiya, dangin amarya ne ke biya. An yanka kuɗin zinariya 600,000, aka cire kaso mai tsoka a matsayin bashin da gidan Medici ke bin Faransa. Shi ya sa 'yan gulmar fadar Faris suka riƙa kiran amaryar 'yar banki.

Washegari da dare, a fadar Pitti, aka tara manyan baƙi kimanin 200 aka nuna masu wani irin wasan kwaikwayo da yawancinsu ba su taɓa gani ba. Sunan wasan Euridice. Tun daga buɗe labule har rufewa babu ɗan wasan da ya yi magana. Gaisuwa, saƙon mutuwa, roƙo, kuka, komai rerawa ake yi, kayan kiɗa na bi a bayan fage. Wannan shi ne ofera mafi tsufa da kiɗansa ya iso hannun mutanen yau cikakke. Jacopo Peri ne ya tsara kiɗan, shi ne kuma ya fito a matsayin jarumi, Ottavio Rinuccini ya rubuta baitocin.

Bari mu bambance abin tun da wuri. A fim ɗin Indiya ko na Hausa, labari kan tsaya cik, a shiga lambu a yi waƙa, sannan a dawo a ci gaba. A ofera babu tsayawa, waƙar ita ce labarin. Ko "miƙo min ruwa" mutum zai ce, rera ta zai yi. Kalmar kanta a Italiyanci "aiki" kawai take nufi. Zamanin da abin ya bunƙasa a cikinsa, daga wajen 1600 zuwa 1750, shi ake kira zamanin barok, kalmar da aka aro daga sunan da 'yan Fotugal ke kiran lu'ulu'un da ya fito a karkace. Da farko zagi ne, wato ado ya yi yawa har ya ɓata fasali.

Ba daga sama Peri ya tsinci dabarar ba. Tun a shekarun 1570 wasu masana ke taruwa a gidan wani basarake, Giovanni de' Bardi, suna muhawara kan yadda Girkawan dauri ke yin wasanninsu. A cikinsu akwai Vincenzo Galilei, mahaifin Galileo mai nazarin taurari. Sun yi imanin cewa Girkawa rera wasanninsu suke yi da murya ɗaya, shi ya sa kalma ke ratsa zuciya, saɓanin kiɗan zamaninsu da muryoyi biyar ko shida ke hawa kan juna har ba a jin abin da ake cewa. Suna neman farfaɗo da tsohon abu ne, sai suka ƙirƙiro sabo: wata irin rerawa da ke tsakanin magana da waƙa. Masana sun kawo tunani, amma kuɗi daga fada ya fito. A 1589, a bikin auren shi Ferdinando ɗin, an nuna wani wasan barkwanci mai suna La Pellegrina, aka cusa masa shagalin waƙa da rawa guda shida a tsakanin fitowa da fitowa, da injinan da ke sauko da mutane daga gajimare. Baƙi sun koma gida suna labarin waƙoƙin, wasan kansa ya bi ruwa. Duk wanda ya taɓa sayen fim saboda waƙar da ya gani a tirela ya san wannan ciwon.

Labarin Euridice tatsuniyar Girkawa ce. Orfeo makaɗi ne, maciji ya sari amaryarsa ta mutu, ya bi ta har ƙasar matattu da molonsa, ya yi ta waƙa har sarkin wurin ya tausaya masa. A asalin tatsuniyar an gindaya masa sharaɗi: kada ya waiwaya sai sun fito. Ya waiwaya, ya rasa ta har abada. To amma wa zai nuna wa amarya irin wannan ƙarshen a daren bikinta? Rinuccini ya cire sharaɗin, Orfeo ya dawo da matarsa lafiya lau, aka tashi da murna. Ka ga ke nan tun ranar farko mai biyan kuɗi ne ya zaɓi ƙarshen labari. Sannan tun ranar farko aka fara 'yar tsama tsakanin masu sana'a. Giulio Caccini, abokin hamayyar Peri, ya hana mawaƙan da ke ƙarƙashinsa rera kiɗan Peri, ya rubuta masu nasu, daga baya ya yi wuf ya buga nasa Euridice ɗin da baitocin Rinuccini kafin na Peri ya fito daga maɗaba'a.

Ita kuwa amarya sai da ta shekara kusan goma tana jiran kambi. An ɗora mata shi a cocin Saint-Denis ranar 13 ga Mayu, 1610. Washegari wani mutum mai suna Ravaillac ya tare keken-dokin mijinta a wani ƙuntataccen titi a Faris ya daɓa masa wuƙa. Kambin da aka ɗora jiya shi ya ƙarfafa mata gwiwar riƙe ƙasa a madadin ɗanta mai shekara takwas. Naɗi a wurin waɗannan mutanen hujja ce da ake kafawa a gaban shaidu, kiɗan kuma wani ɓangare ne na hujjar.

Wanda ya mayar da gwajin Florence abin da ake kallo har yau shi ne Claudio Monteverdi, makaɗin fadar gidan Gonzaga a Mantua. A ranar 24 ga Fabrairu, 1607, ya nuna nasa L'Orfeo a wani ɗaki a fada. Kafin a soma wasan, sai a busa wani take da ƙahonin ƙarfe har sau uku, kirarin gidan sarautar ke nan, kamar yadda kakaki ke shelar fitowar sarki. Littafin kiɗan da aka buga a 1609 ya lissafa kayan kiɗa kusan arba'in, kowane da aikinsa: sarewa da goge ga makiyaya a daji, manyan ƙahoni masu kauri ga ƙasar matattu. Abin da masu haɗa sautin fim ke yi a yau ke nan, a ba kowane wuri launinsa a kunne. Kuma a wannan karon Orfeo ya waiwaya.

Sai dai duba yadda fada ta saka masa. A Satumbar wannan shekarar matarsa Claudia ta rasu ta bar masa yara ƙanana biyu. Bai gama zaman makoki ba aka kira shi ya dawo bakin aiki, yarima Francesco zai yi aure, ana son sabon ofera. Ya rubuta L'Arianna cikin gaggawa. Yarinyar da aka tsara wa babban matsayin, Caterina Martinelli, wadda ta taso a gidansa, ciwon agana ya kashe ta ana tsakiyar shiri, tana da shekara 18. Aka ɗauko wata 'yar wasan kwaikwayo, Virginia Andreini, ta haddace matsayin cikin 'yan kwanaki. An nuna wasan a Mayun 1608, kuma masu ba da labarin bikin sun ce da ta zo waƙar makokin matar da masoyinta ya gudu ya bari a tsibiri, matan fada sun yi ta hawaye. Allah Sarki! Wannan waƙar makokin ce kawai ta tsira, sauran kiɗan ya ɓace. Wasiƙun Monteverdi na wannan lokacin cike suke da kukan ciwo, gajiya, da albashin da sai ya yi ta zarya wurin ma'aji. A 1612 yariman nan da aka yi wa wahalar ya hau gadon mulki, ya sallame shi bayan hidimar sama da shekara ashirin. Shekarar da ta biyo baya ya samu shugabancin kiɗa a cocin San Marco na Venice, a kan hanyar zuwa kuma 'yan fashi suka tare shi suka yi masa tas.

Venice ba ta da sarki. Jamhuriya ce ta 'yan kasuwa, shugabanta ma zaɓensa ake yi. A nan ne a 1637 aka buɗe gidan San Cassiano, wuri na farko da kowa zai biya kuɗin ƙofa ya kalli ofera ba tare da katin gayyatar fada ba. Masu hali su kama ɗakunan kallo na sama na shekara guda, sauran jama'a su yanki tikiti su zauna a ƙasa. Kafin ƙarnin ya ƙare irin waɗannan gidajen sun haura goma a birnin. Da kasuwa ta karɓi ragama sai komai ya sauya. Aka rage 'yan amshi da makaɗa domin suna cin kuɗi, aka zuba kuɗin kan taurari biyu ko uku da jama'a ke zuwa dominsu, aka ƙara barkwanci, da ɓad-da-kama, da soyayya mai sarƙaƙiya.

A wannan kasuwar ne Monteverdi, yana da shekara 75, ya fitar da wasan da nake ganin ya fi kowane daɗin labari: L'incoronazione di Poppea, wato naɗin Poppea, a 1643. Wani lauya, Giovanni Francesco Busenello, shi ya rubuta baitocin, ya kuma bar tatsuniya ya ɗauko mutanen da suka rayu a tarihin Rum. Masu karatun littattafan kishi su gyara zama.

Ottone ya dawo daga tafiya da asuba ya iske sojojin Sarki Nero na gadi a ƙofar masoyiyarsa Poppea. Ya gane sarki na ciki. Poppea ba kuɗi take so ba, kambi take so, a kan hanyarta kuma akwai mutum biyu: uwargida Ottavia, da tsohon malamin sarki, Seneca, wanda ya ce wa Nero sakin matarsa zalunci ne kuma zai fusata jama'a. Poppea ta raɗa wa Nero cewa Seneca na yawo yana faɗin shi ke juya sarki. Nan take aka aika wa malam umarnin ya kashe kansa, ya yi sallama da almajiransa ya cika umarni. Fitowar da ta biyo baya, Nero ne da abokinsa suna shaye-shaye suna waƙar kyawun Poppea. Uwargida da ta ga ruwa ya ƙare wa ɗan kada sai ta tilasta wa Ottone ya je ya kashe kishiyar. Ya ari kayan wata budurwa mai son sa, Drusilla, ya yi shigar mata, ya iske Poppea na barci a lambu, amma aka tare hannunsa. Aka kama Drusilla, ta amsa laifin da ba ta yi ba domin ta ceci wanda take so. Ottone ya fito ya faɗi gaskiya. Ashe abin da Nero ke jira ke nan: ya samu hujja, ya saki Ottavia, aka sa ta a jirgin ruwa aka kore ta daga Rum. Manyan gari suka taru aka ɗora wa Poppea kambi, aka rufe da waƙar soyayya tsakaninta da Nero, mai taushin da har yau ake rera ta ita kaɗai a dandamali. Masana da dama na ganin wannan waƙar ta ƙarshe wani ne ya ƙara ta, ba tsohon ba.

Da marubuciyarmu ce ta rufe littafi haka, mai gaskiya a kabari, uwargida a jirgi, mai makirci a gadon mulki, da masu sharhi sun ce tana ɓata tarbiyya. Amma masu ilimi a cikin 'yan kallon Venice sun karanta tarihin Rum, sun san ci-gaban da ba a nuna ba. An kashe Ottavia a tsibirin da aka kai ta a shekara ta 62. Poppea ta mutu a shekara ta 65, kuma marubutan Rum sun ce Nero ne ya haure ta tana da ciki. Nero ya kashe kansa a 68. Ottone ya hau gadon a 69, wata uku kacal, shi ma ya kashe kansa. Saboda haka daɗin waƙar ƙarshen nan da dafi a cikinsa. A ganina mutanen jamhuriya ne ke nuna wa junansu abin da kambi ke yi wa ƙasa, kuma babu fadar da za ta ba da kuɗi a yi mata wannan wasan a ranar bikinta. Monteverdi ya rasu a Nuwambar wannan shekarar.

A Faransa akasin haka aka yi. Louis na Sha Huɗu ya fito a dandamali yana da shekara 14, a 1653, yana rawa cikin shigar rana mai fitowa, shekara guda kafin a naɗa shi a cocin Reims ranar 7 ga Yuni, 1654. Cikin masu rawar akwai wani saurayi ɗan Florence, ɗan mai injin niƙa, wanda duniya ta sani da Jean-Baptiste Lully. Ya shiga ran sarki, ya yi ta hawa, har a 1672 ya samu takardar da ta ba shi ikon ofera shi kaɗai a Faransa. A 1673 aka kafa dokar cewa sauran gidajen wasa kada su wuce mawaƙa biyu da masu goge shida. Kowane ofera nasa da gabatarwar yabon sarki yake farawa, kafin a shiga labari. Roƙo ne tsagwaronsa, sai dai an yi masa ado da injina da 'yan rawa. Ƙarshen Lully ma a hidimar sarki ya zo. A Janairun 1687 yana jagorantar waƙar godiya ga Allah kan warkewar sarki daga rashin lafiya, yana buga doguwar sanda a ƙasa don daidaita kiɗa, sai ya soki ɗan yatsan ƙafarsa. Wurin ya ruɓe, ya ƙi yarda a yanke, ya mutu ranar 22 ga Maris. Da wannan fitowar darakta Gérard Corbiau ya buɗe fim ɗinsa Le Roi danse na 2000.

Shi wannan daraktan ne ya yi fim ɗin Farinelli a 1994, wanda ya taɓo ɓangaren da ya fi muni a tarihin. A ƙasar Paparoma an hana mata hawa dandamali da waƙa a coci, ga shi kuma ana son siririyar murya. Sai aka riƙa dandaƙe yara maza, yawancinsu 'ya'yan talakawa, kafin su balaga, domin muryar ta tsaya ƙirjin ya girma. Dubbai aka yi wa haka, ƙalilan suka yi suna. Su ne ke fitowa a matsayin sarakuna da jarumai, Nero ɗin can ma da irin wannan muryar aka rera shi. Farinelli ya fi kowa shahara, a 1737 kuma sarauniyar Sifen ta ɗauko shi domin ya riƙa yi wa mijinta Philip na Biyar, mai fama da ciwon damuwa, waƙa kowane dare. Bai sake yi wa 'yan tikiti waƙa ba. Da aka zo yin fim ɗin, tunda babu mai irin muryar a duniya, sai aka naɗi muryar namiji da ta mace aka haɗe su a kwamfuta, jarumin ya riƙa motsa baki.

Ofera da aka yi takanas domin naɗi, mafi girma a wancan zamanin, shi ne na Prague a 1723. Sarkin daular Ostiriya, Charles na Shida, ya zo karɓar kambin Bohemia, kuma yana da damuwa: ba shi da ɗa namiji, yana fafutukar a amince 'yarsa Maria Theresa ta gaje shi. Aka gina filin wasa a sarari kusa da fada mai cin mutum 4,000. Aka sa wa wasan suna Costanza e Fortezza, daga taken sarkin kansa, wato dauriya da ƙarfi. Wani makaɗi da ya yi busa a wurin, Johann Joachim Quantz, ya rubuta cewa mawaƙa 100 ne da makaɗa 200. Mai kiɗan, tsoho Johann Joseph Fux, ciwon gaɓoɓi ya kwantar da shi, sai da aka ɗauko shi a kujerar kafaɗa tun daga Vienna, ya zauna yana kallo mataimakinsa Antonio Caldara na jagoranci. An yi biki, an watse. Da sarkin ya rasu a 1740, maƙwabtan da suka yi alƙawari suka far wa 'yar da yaƙin da ya ci shekara takwas.

A Ingila ba a yin ofera a wurin naɗi, waƙar coci ake yi a Westminster. Can ma kasuwa ta leƙo. A naɗin William da Mary a 1689, Henry Purcell, wanda ya fi kowane Bature ɗan Ingila iya kiɗa a zamaninsa, ya karɓi kuɗi a hannun 'yan kallo ya ba su wuri a benen da yake kaɗa ogan, inda ake hango komai. Shugabannin cocin suka ce ko ya miƙo kuɗin ko ya bar aiki. Ya miƙa.

Sai George Frideric Handel. Bajamushe ne, haifaffen Halle a 1685, ya ƙara ƙwarewa a ofera a Italiya, ya kama aiki a fadar Hanover a 1710, ya nemi izinin zuwa Landan, ya ga kasuwa, ya yi zamansa. Wasansa na farko a can, Rinaldo, a 1711, har tsuntsaye masu rai aka saki a dandamali. A 1714 ubangidan da ya baro a Hanover ya zama Sarkin Ingila George na Ɗaya, ya iske shi a nan. Ba a yi rigima ba, Handel ne ma ya yi masa kiɗan yawon jirgi a kogin Thames a 1717. A Fabrairun 1727 sarkin ya sa hannu a takardar da ta mayar da Handel ɗan ƙasa, a Yuni kuma ya rasu a kan hanyar Hanover. A wannan watan ne aka yi abin kunya a gidan ofera, inda magoya bayan taurari biyu, Francesca Cuzzoni da Faustina Bordoni, suka kaure da ihu da fito a gaban gimbiya Caroline har aka tsayar da wasa, masu buga ƙasidu suka ƙara gishiri suka ce matan sun ja gashin juna.

Bisa al'ada makaɗin cocin fada, Maurice Greene, ya kamata ya yi kiɗan naɗin George na Biyu. Sabon sarki ya ce Handel yake so. An sa ranar 4 ga Oktoba, aka ɗaga zuwa 11 saboda tsoron ambaliyar kogi. Handel ya rubuta waƙoƙi huɗu, jaridun lokacin kuma sun ba da rahoton mawaƙa 40 da makaɗa kusan 160, wato ya kwaso ƙarfin gidan wasa ya shigo da shi coci. Ranar kanta ba ta tafi daidai ba. Babban limamin Canterbury, William Wake, ya yi ta rubutu a gefen takardar tsarin bikin: an tsallake wata waƙa saboda sakacin mawaƙa, an rera wata a inda ba wurinta ba, wata kuma ta rikice gaba ɗaya.

Duk da haka ɗaya daga cikin huɗun, Zadok the Priest, ta zauna daram. Kalmominta daga Baibul aka ɗauko su, labarin naɗin Annabi Sulaiman, kuma tun naɗin Sarki Edgar a 973 ake amfani da su. Abin da Handel ya ƙara dabarar ɗan wasan kwaikwayo ce. Masu goge za su fara a hankali, suna hawa suna sauka, suna yi kamar za su iso sai su kauce, sama da minti guda babu muryar mutum, har mai sauraro ya ƙosa. Sannan kwatsam mawaƙa da ƙahoni uku da tambura su faɗo lokaci guda. Tun daga 1727 ba a sake naɗa sarkin Ingila ba tare da ita ba. Ana rera ta ne a daidai lokacin shafa wa sarki mai, wanda shi ne sirrin bikin: a naɗin Elizabeth ranar 2 ga Yuni, 1953, an kawar da kyamarorin talabijin daga wurin, a na Charles ranar 6 ga Mayu, 2023, an kewaye shi da labule. Ido bai gani ba, sai kunne ya ji.

In kuma mai karatu na ganin bai taɓa jin ta ba, to ya ji 'yarta. A 1992 hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai ta sa wani makaɗi ɗan Ingila, Tony Britten, ya yi mata take a salon Handel, shi kuma ya ɗora nasa a kan wannan waƙar, musamman hawan gogen nan na farko, da kalmomi cikin Ingilishi da Faransanci da Jamusanci. Taken Gasar Zakarun Turai ke nan, wanda ke tashi a gidajen kallon ƙwallo daren Talata da Laraba, 'yan wasa sun jeru, masu kallo na neman wurin zama a benci.

Mu koma Landan ta 1727. Makonni kaɗan bayan bikin, gidan wasa na Drury Lane ya ɗauko wasan Shakespeare na Henry na Takwas ya cusa masa jerin gwanon naɗi irin wanda aka yi a Westminster, waɗanda ba su samu shiga na gaske ba suka yi ta tururuwa suna biya. A Janairun 1728 John Gay ya fito da The Beggar's Opera, wasan ɓarayi da karuwai cikin Ingilishi da waƙoƙin titi, yana yi wa ofera na Italiya da manyan gwamnati shaguɓe, aka nuna shi sau 62 a kakar farko. A wannan shekarar kamfanin oferan da Handel ke yi wa aiki ya durƙushe, albashin taurari ya cinye shi. Handel bai koma fada ya zauna ba. A 1732 ya ɗauko waƙoƙin naɗin nan ya zuba wasu a cikin Esther, labarin Baibul da aka rera cikin Ingilishi ba tare da kayan wasa ko motsi ba, aka kuma tallata cewa za a jera makaɗa irin yadda aka yi a bikin naɗi. Jama'a suka zo. Daga wannan hanyar Messiah ya fito a Dublin a 1742. Ya makance a ƙarshen rayuwarsa, ya rasu ranar 14 ga Afrilu, 1759, da dukiyar da ta kai wajen fam 20,000. An binne shi a cikin cocin Westminster, mutane kusan 3,000 suka halarta. Mutum-mutumin da ke kan kabarinsa ba sarki ne ya gina masa ba, fam 600 ya ware a wasiyyarsa domin aikin.